Yadda Ake Sauraren Faifan Konceto da Kiɗan Birni, Daki-Daki

Tun ranar da na ambaci cewa kiɗan gargajiyar Turawa nake saurara idan dare ya raba, tambaya ɗaya ce ke ta dawo mini ta baki daban-daban: ta ina ake kama shi? Wani ya ce ya buɗe faifai a wayarsa, ya ga jerin sunaye tara, kusan rabinsu duk Allegro, ya kunna na farko, ya jira har minti biyu bai ji an fara waƙa ba, ya kashe. Wata 'yar'uwa kuma ta ce ita tana jin daɗinsa, sai dai kafin a kai tsakiya hankalinta ya tafi kasuwa ya dawo, ba ta san inda aka kwana ba.

Kunnensu lafiya lau yake. Kiɗan ne yake da tsarin zamansa, kuma wanda ya faɗo tsakiyar tatsuniya ba zai san dalilin da ya sa kura ke gudu ba. Irin faifan da aka fi tambayata a kai shi ne mai ɗauke da konceto biyu ko uku, a cike shi da suwit da aka tsara a kan wani birni. Konceto kiɗa ne da makaɗi ɗaya ke gaba, da goge ko ƙaho ko piyano, babbar ƙungiyar makaɗa tana bayansa. Ka ɗauke shi kamar mawaƙi da 'yan amshinsa, sai dai a nan 'yan amshin sukan ja da shi, wani lokaci ma su karɓe maganar gaba ɗaya. Suwit kuwa jerin gajerun kiɗa ne da jigo ɗaya ya ɗaure su. Kowane aiki an yanka shi kashi-kashi, kuma kowane kashi zan riƙa kiransa zango.

Don kada magana ta tsaya a iska, ga ayyuka uku da za mu yi gwaji da su, waɗanda kowa zai iya samu a intanet: konceton ƙaho na Joseph Haydn, konceton goge na Felix Mendelssohn, da suwit ɗin Landan na Eric Coates. Gaba ɗayansu ba su cika awa ɗaya ba. Matakan kuma za su yi maka aiki a kan duk wani faifai mai wannan siga.

1. Karanta jerin kafin ka taɓa komai

Ka ba jerin sunayen minti biyar. Abin da kake nema shi ne inda wani aiki ya ƙare, wani ya fara. Kowane layi yakan zo da sunan wanda ya tsara kiɗan, sunan aikin, lambarsa, sannan lambar zango da alƙaluman Rumawa: I, II, III. Duk inda ka ga an koma I, sabon aiki ne. A gwajinmu layi tara ne, amma ayyuka uku ne kacal, kowanne da zango uku.

Kalmomin da ke bayan lambar Italiyanci ne, kuma saurin kiɗan suke faɗa maka, shi ya sa suke maimaituwa. Allegro na nufin da sauri da walwala. Andante tafiyar ƙafa ce, ba gudu ba, ba jan jiki ba. Adagio a hankali sosai. Molto na nufin ƙwarai, vivace kuma da kuzari. Idan ka ga Rondo, akwai wani amshi da zai yi ta dawowa. Op. da lambar da ke binsa lambar aikin ce a cikin ayyukan mai shi. Konceto yakan tafi da sauri, ya lafa a tsakiya, ya rufe da sauri, don haka tun daga takarda ka san fasalin tafiyar.

Ka ɗauki biro ka rubuta tsawon kowane zango a takarda. Ƙaramin abu ne, amma shi ke hana ka duban waya kowane minti.

Hattara: wasu manhajojin suna yanke dogon suna, sai ka ga layi uku iri ɗaya sak. Danna layin ka ga cikakken sunansa kafin ka ɗauka maimaici ne ka share.

2. Zaɓi wanda ya kaɗa

Nan ne sabon shiga ke rikicewa. A waƙoƙinmu, mai waƙa shi ne mai rerawa. A nan wanda ya tsara kiɗan ya daɗe da barin duniya, abin da ya bari rubutu ne a takarda, kuma ɗaruruwan makaɗa sun ɗauki aikin iri ɗaya. Saboda haka sunaye huɗu za ka duba: mai tsarawa, makaɗin gaba, ƙungiyar makaɗa, da madugun da ke jagorantarsu da sanda.

A wurin bincike ka rubuta sunan yadda yake a faifai: Haydn Trumpet Concerto, sai Mendelssohn Violin Concerto Op. 64, sai Coates London Suite. Lambar 64 ɗin tana da muhimmanci, domin Mendelssohn yana da wani konceton goge da ya rubuta yana yaro, kuma ba shi muke nufi ba. A na Haydn, Maurice André ɗan Faransa, Wynton Marsalis ɗan Amurka, da Alison Balsom 'yar Ingila duk sun ɗauka, kuma duk wanda ka samu ba ka yi asara ba. A na Mendelssohn akwai na Hilary Hahn, akwai na Anne-Sophie Mutter, akwai kuma na Jascha Heifetz da ƙungiyar makaɗan Boston na 1959. Ni dai shawarata ga mai farawa ya ɗauki ɗauka ta zamani, wadda sautinta ya fita tas. Na Heifetz a ajiye shi zuwa mataki na tara, akwai amfanin da zai yi a can.

Hattara: ka guji faifan tsince-tsince masu sunaye irin na kiɗan barci ko kiɗan karatu. Zango ɗaya suke tsamowa daga nan, ɗaya daga can. Ka tabbata zangon nan uku na kowane aiki makaɗi ɗaya ne ya kaɗa su, daga faifai ɗaya.

3. Kayan aiki da abin da za ka kashe

Waya, abin sawa a kunne, data ta sauke faifan sau ɗaya, takarda da biro. Shi ke nan.

Idan kuɗinka na abu ɗaya ne, sa shi a kunne. Lasifikar waya ba ta fitar da kaurin sauti, kuma rabin abin da ƙungiyar makaɗa ke yi a ƙasa yake: manyan goge, ganguna, kayan busa masu kaurin murya. Iyafis mai igiya, mai robar da ke toshe kunne, ya fi sipika mai tsada a ɗakin da fanka ke kaɗawa. Hedifon mai rufe kunne gaba ɗaya ya fi, sai dai lokacin zafi yana sa gumi. Kafin ka biya, ka sa mai shago ya bari ka gwada da kiɗan da ka zo da shi. Ka guji wanda aka yi don dukan ƙirji, wanda ke kumbura ganga ya danne komai. Na taɓa sayen irinsa a wata rumfa a bakin tasha, kwalinsa na sheƙi, na dawo gida na tarar goge na fita kamar ana kiɗa a cikin randa.

Lissafin data kuwa ga shi. Sauti mai inganci sosai, wato mai lamba 320 a saitin manhaja, yana cin kusan megabait 2.4 a minti, ka ga awa ɗaya ta kama wajen 145. Mai lamba 160 rabin haka ne. Wanda ba a matse shi ba, mai ingancin faifan CD, yakan kai 300 ko fiye a awa. Da iyafis na talakawa, 160 zuwa 320 ya wadatar, kada ka ƙona data a kan bambancin da kayanka ba za su nuna maka ba. Bidiyo ya ninka wannan sau da yawa, don haka a bar kallo sai an gama da ji.

Spotify da Apple Music da YouTube duk suna da waɗannan ayyuka. Masu biyan kuɗin wata na Apple Music suna da wata manhaja ta daban ta irin wannan kiɗa, wadda ta fito a 2023, kuma bincike a cikinta ya fi sauƙi. Kuɗin wata yana canzawa, sai ka duba a manhajar. Na kyauta yana yiwuwa, amma da haraji: talla takan faɗo tsakiyar zango, daidai inda goge ya yi ƙasa da murya. Idan za ka iya biyan wata ɗaya tak, ka biya, ka sauke abin da kake so, ka yi watan kana saurara.

4. Gyara saitin waya

Minti uku ne, kuma shi ne matakin da aka fi tsallakewa.

Kashe cakuɗawa, wato alamar kibiyoyi biyu da suka sarƙe. Kashe saitin da ke cusa ƙarshen kiɗa cikin farkon na gaba, wanda a manhaja aka rubuta Crossfade. Kunna wanda ke hana giɓi tsakanin zango da zango, Gapless ke nan. Kashe mai daidaita ƙarar waƙoƙi, da duk wani ƙarin ganga da ka saita don wasu waƙoƙin. Kashe ci gaba da kunna abin da ba ka zaɓa ba bayan faifai ya ƙare. Daga ƙarshe ka sa wayar a yanayin jirgin sama, tunda ka riga ka sauke.

Hattara: hana giɓin nan ba ado ba ne. A konceton Mendelssohn zangon farko manne yake da na biyu, ba a tsayawa. Idan wayarka ta saka daƙiƙa biyu na shiru a wurin, ta tsinke zaren da mai kiɗan ya ƙulla da gangan.

5. Lokaci, wuri, da ƙarar sauti

Ka nemi awa ɗaya da ba mai kiranka. A gidanmu sai bayan isha'i, yara sun kwanta, janaretan maƙwabta ya yi shiru. Wasu sun fi son bayan asuba. A mota ko a bakin titi kada ma ka fara, domin wuraren da kiɗan ya yi laushi za su ɓace cikin hayaniya, kai kuma ka ɗauka faifan ne ya tsaya.

Wannan kiɗa ba a matse ƙararsa kamar waƙoƙin rediyo. Tsakanin raɗa da tsawa akwai nisa mai yawa, kuma nisan nan na cikin abin da ake saurara. Ga yadda ake saita shi: je zuwa minti na ƙarshe na zangon ƙarshe na faifan, inda kowa ke kaɗawa da ƙarfi, ka daidaita ƙarar har ta cika kunne ba tare da ta yi zafi ba. Ka bar ta a nan, ka koma farko. Hukumar Lafiya ta Duniya na ba da shawarar kada a wuce kashi 60 cikin ɗari na ƙarar na'ura.

Hattara: idan kiɗa ya yi ƙasa, hannunka zai so ya ƙara. Ka riƙe shi. Abin da ke tafe zai iya zuwa da ƙarfi ninki da yawa, kai tsaye cikin dodon kunne.

6. Konceto na farko: bi murya ɗaya

Fara da Haydn, saboda gajere ne, wajen minti 15, kuma ƙaho ba ya ɓuya. An rubuta shi a 1796 don wani mai busa a Biyana, babban birnin Ostiriya, mai suna Anton Weidinger, wanda ya zo da ƙaho mai maɓallai, mai iya fitar da sautukan da tsohon ƙaho ba ya iyawa. Wannan kaɗai ya ishe ka sani, domin shi ne sirrin kiɗan: ƙahon da aka sani da kiran sojoji, kamar kakakin fada mai sauti biyu zuwa uku, ga shi yau yana rera waƙa daki-daki kamar sarewa.

Aikinka a sauraron farko guda ɗaya ne: ka bi ƙahon. Ƙungiyar makaɗa ce za ta fara, ta shimfiɗa karin har fiye da minti ɗaya. Kada ka ƙosa. Riƙe karin farko a kai, ka yi ta maimaita shi a zuci, domin da shi ƙahon zai shigo. Daga nan duk inda ya yi, bi shi. Idan ya yi shiru, ka lura da wanda ya karɓa. Dab da ƙarshen zangon, kowa zai tsaya cak, a bar mai busa shi kaɗai ya nuna gwanintarsa. Wannan wurin shi ake kira kadenza. Alamar ƙarewarsa wata karkarwar sauti ce mai sauri, daga ita sai ƙungiya ta faɗo ta rufe.

Zango na biyu gajere ne, mai taushi, ba abin da ake so daga gare ka sai ka zauna. Na uku kuwa ka ƙirga sau nawa karin farko ya dawo, ka ja layi a takarda duk dawowa. Wasa ne, amma yana koya wa kunne gane fuska.

Idan hankalinka ya tafi, kada ka mayar da faifan baya. Ka nemo ƙahon inda yake yanzu ka ci gaba. Mai yawan komawa baya ba ya kaiwa ƙarshe.

7. Konceto na biyu: saurari hirar

Ka sha ruwa, ka miƙe ƙafa minti biyar, sannan ka shiga Mendelssohn. Wannan shi ne ƙashin bayan zaman, kusan minti 27, kuma a nan zan fi daɗewa. An fara kaɗa shi a Leipzig ta Jamus a watan Maris na 1845, da abokin mai tsarawar, Ferdinand David, a kan goge.

A nan ba jira. Daƙiƙa biyu da farawa gogen ya shigo, can sama, da karin da za ka kwana kana jinsa. Riƙe shi da kyau. Yanzu aikinka ya ƙaru: ban da bin gogen, ka riƙa tambayar kanka wa ke magana, wa ke amsawa.

Ga wurare huɗu da nake so ka kama. Na farko yana wajen minti na uku. Gogen zai sauko daga sama har ƙasa, ya tsaya a kan sauti ɗaya mai kauri, ya riƙe shi tsawon lokaci, su kuma masu sarewa da kilarinet, wata abar busa ta katako, su rera sabon kari mai sanyi a samansa. Shugaba ne ya koma ɗan amshi, ya ba na baya fili. Mutane da yawa ba sa lura da gogen a nan sam, sai an nuna musu, alhali yana nan a ƙasa kamar tabarmar da aka shimfiɗa.

Na biyu shi ne kadenza, wadda a wannan aikin ba a ƙarshe take ba, a tsakiyar zangon take, bayan an ɗan wuce rabi. Kowa zai yi shiru a bar gogen. Ka kasa kunne sosai ga ƙarshenta: bakan gogen zai fara tsalle a kan tsirkiya huɗu, sama da ƙasa, da sauri, kamar mai tankaɗe. Yana cikin haka, ba tare da ya tsaya ba, sai ƙungiyar ta lallaɓo daga baya da karin nan na farko. Ranar da na fara kama wannan wurin ina zaune ne a tsakar gida, an ɗauke wuta, ba abin da ke motsi sai hasken waya a kan tabarma. Na san karin, na san kadenzar, amma ban taɓa jin yadda ɗaya ke shiga ƙarƙashin ɗaya ba sai daren. Na kai faifan ƙarshe, sannan na dawo wurin har sau uku.

Na uku shi ne mahaɗar zangon farko da na biyu. Za a rufe da ƙarfi, ka ɗauka an gama, sai ka ji sauti ɗaya siriri ya rage, daga basun, wata doguwar algaitar katako mai kaurin murya. Sautin zai ɗan matsa sama, sauran su taru a kansa a hankali, har a shiga Andante. Idan ka ji shiru a nan maimakon wannan sautin, koma mataki na huɗu, saitinka ne.

Na huɗu yana tsakanin zango na biyu da na uku: wata 'yar gajeriyar gada, ƙasa da minti ɗaya, kamar mutum na tunanin abin da zai faɗa. Daga ita sai ƙahoni su yi kira, gogen ya amsa da tsalle, a shiga gudu har ƙarshe.

Hattara: a wasu faifan, gadar nan tana ƙarshen layi na biyu, a wasu tana farkon na uku. Kada lambar layi ta ruɗe ka. Haka nan mintunan da na ambata kusan-kusan ne, kowane makaɗi da saurinsa.

8. Suwit: san birnin kafin ka shiga

Kunnen da ka saurari konceto da shi, ka ajiye shi. A suwit ɗin birni ba makaɗin gaba da za ka bi. Wuri ake zana maka, kuma sunan zangon shi ne taswirarka. Saboda haka kafin ka kunna, ka nemi hoto ɗaya ko biyu na kowace unguwa da aka ambata, ka san abin da aka san ta da shi. Minti biyar ya isa.

Coates ya rubuta suwit ɗin Landan a farkon shekarun 1930, zango uku, ƙasa da kwata ɗaya na awa. Na farko Covent Garden, wadda a zamaninsa babbar kasuwar kayan lambu da 'ya'yan itace ce, kafin a tashe ta a 1974. Kiɗan rawa ne mai gudu, irin na kudancin Italiya da ake kira tarantela. Ka tuna kasuwar 'Yan Kaba ta Kano da asuba, ana sauke kaya, masu dako na neman hanya, za ka gane abin da ake nufi tun daga bugun farko. A tsakiya gudun zai buɗe, wani tsohon kari na tallar 'ya'yan itace ya ratso.

Na biyu Westminster, unguwar majalisa da babbar majami'a a bakin kogin Thames. Mai shi ya kira shi tunani, kuma haka yake tafiya, a natse. Abin da za ka jira yana wajen ƙarshe: karin ƙararrawar agogon Big Ben, yana shigowa a hankali. Wanda ya tashi a gidan da ake kama Landan a rediyo zai iya jin kamar ya san shi tun da daɗewa.

Na uku Knightsbridge, unguwar manyan kantuna da barikin sojojin doki na fadar Ingila. Maci ne, da kiran ƙahoni, sai kuma wani faffaɗan kari da goge masu yawa ke ɗauka tare. BBC ta yi amfani da shi a matsayin taken wani shirinta na rediyo daga 1933 har zuwa 1960, abin da ya sa ya fi sauran biyun suna nesa ba kusa ba.

Kuskuren da aka fi yi a nan shi ne neman fassarar kowane sauti: wannan motar ce, wancan dokin ne. Mai kiɗan ya ba ka abu biyu ko uku da za ka gane, sauran yanayi ne. Kuskure na biyu shi ne raina suwit don ya fi konceto sauƙi. Sauƙin nan da gangan ne, kuma ba don banza ake yawan ajiye irinsa a ƙarshen faifai ba, lokacin da kunne ya gaji da aiki. Kuskure na uku, tsallakawa kai tsaye zuwa zangon da ya yi suna. Macin ya fi daɗi idan ya fito daga cikin shirun Westminster.

9. Koma sau biyu, sannan ka kwatanta

Kada ka yanke wa faifai hukunci a zama ɗaya. Ka bar kwana ɗaya ko biyu. A zama na biyu ka juya aikin: ka ƙyale makaɗin gaba, ka saurari abin da ke bayansa, musamman manyan goge da ke ƙasa da masu busa. A na uku ka ajiye takarda da biro, ka rufe ido.

Bayan nan ne kwatanci ke da amfani. Ɗauko Mendelssohn na Heifetz, ka kunna minti huɗu na farko, sannan ka kunna wuri ɗaya a wanda ka saba da shi. Rubutu ɗaya ne, ba a canza ko ɗigo ba, amma za ka ji Heifetz na tafiya kamar ana jiransa a wani wuri, ɗayan kuma yana tsayawa yana numfashi. Wanda ya fi kwanta maka, shi ne naka. Ni na fi son mai numfashi a zango na biyu, mai gudu a na uku, kuma har yau ban samu wanda ya haɗa mini duka yadda nake so ba.

Yanzu kuma bidiyo ya halatta. Kallon ƙungiya na kaɗawa zai nuna maka wane kaya ke fitar da wane sauti, ka ga basun ɗin nan da idonka. Za ka kuma lura masu kallo ba sa tafi tsakanin zango da zango, sai aikin ya ƙare gaba ɗaya. Idan wata rana ka samu kanka a zauren MUSON da ke Legas, ko wani irinsa, haka ake yi.

10. Faifai na gaba

Idan wannan ya zauna, ka sauya ɗaya-ɗaya, kada ka sauya duka. A gurbin Haydn ka sa konceton kilarinet na Mozart na 1791. A gurbin Mendelssohn ka sa konceton goge na farko na Max Bruch, wanda ake yawan haɗa su a faifai ɗaya. A gurbin Landan kana iya zama a garin, domin Coates ya sake rubuta wani suwit a kansa a 1936, ko kuma ka tafi birnin Rum wurin Ottorino Respighi, a aikinsa na 1924 a kan itatuwan birnin, wanda za ka samu da sunan Pini di Roma.

Na Respighi zango huɗu ne a manne, kusan minti 22, don haka saitin hana giɓi wajibi ne. Yana farawa da yara na wasa a lambun Villa Borghese, ya gangara kusa da tsoffin kaburburan ƙarƙashin ƙasa, ya hau tudun Gianicolo da dare, inda a ƙarshen zangon ake kunna ainihin kukan tsuntsu da aka ɗauka a faifai, can ƙasa-ƙasa. Daga wannan kukan ake shiga zango na huɗu, rundunar tsohuwar daular Rum na tahowa a kan hanyar Appia, daga nesa kamar bugun zuciya, har ta iso da dukkan ƙahoni da ganguna.

Hattara: a nan ne mutane suka fi cutar da kunnensu. Suna ƙara murya don su ji tsuntsun, su manta, minti biyar bayan haka rundunar ta iso. Ka saita ƙarar da minti na ƙarshe kamar yadda muka yi a mataki na biyar, idan kuma tsuntsun bai fito ba, ka kashe fanka, ka rufe taga.